Tsohon Mai Gyaran Rediyo Da Jitar Ba'azbine

Cikin sana'o'in da zamani ya juya wa baya, da wuya a sami wadda ta kai gyaran rediyo zama abin tausayi. A da, in rediyon mutum ya yi shiru, sai ya naɗe shi a zane ya kai wa mai gyara kamar yadda a ke kai majinyaci asibiti, ya zauna yana jiran hukunci. Yau kuwa kaya sun yawaita, sun kuma yi rauni. Abin da ya lalace sai a jefar a sayi sabo, ba mai tambayar abin da ya same shi. Da sana'ar ta ja baya, wata ɗabi'a ta bi ta, watau ɗabi'ar buɗe abu a duba cikinsa, a auna, a gane cutar kafin a kai hannu aljihu. Asarar ɗabi'ar nan ta fi asarar sana'ar ciwo, domin wanda bai san cikin kayan aikinsa ba, duk abin da ɗan kasuwa ya gaya masa shi ne gaskiya.

Jita mai aiki da lantarki tana cikin 'yan kayan da har yanzu cikinsu bai fi ƙarfin mai gyaran rediyo ba. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, gama ɗaya daga cikin waɗanda suka yi mata suna a duniya mai gyaran rediyo ne. Leo Fender ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya ta Amurka cikin 1938, daga nan ya shiga ƙera jita, har cikin 1954 ya fito da samfurin Stratocaster, wanda yau masana'antu da yawa ke kwaikwayonsa. Shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Da tunanin mai gyara ya tsara ta: kusan dukkan kayan lantarkinta suna ɗaure a bayan wani faranti na roba da ke fuskarta, in an kwance 'yan kusoshi sai a ɗaga su gaba ɗaya a ɗora bisa tebur.

Irin wannan jita ce, kwaikwayon Stratocaster ƙirar ƙasashen Asiya, wani saurayi ya kai wa wani dattijo a unguwar Agege ta birnin Ikko, inda Hausawa suka daɗe da zama. Dattijon mutumin Katsina ne, ya koyi gyaran rediyo tun zamanin da rediyo ke da kwalabe a ciki, sai sun yi zafi kafin ya yi magana. Yanzu aikinsa bai wuce gyaran fanka da tocila da cajar waya ba, amma bai taɓa rabuwa da mitarsa ta awo ba. Saurayin kuwa Ba'azbine ne daga Agadas, gadi ya ke yi a gidan wani attajiri. Jitar ta wansa ce da ya rasu, wanda ya kan kaɗa ta a bukukuwan aure can gida. A ƙasarsu jita ba baƙuwa ba ce: daga can ne Bombino da Mdou Moctar suka fito har duniya ta san su, na biyun ma da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta fari. Wani ɗan garinsu zai yi aure nan da mako biyu, an kuma ce shi zai yi kiɗa. Karo na farko ke nan da zai tsaya gaban jama'a da jitar wansa.

Ƙorafinsa huɗu ne. Da zarar an jona ta da na'urar ƙara sauti sai ta kama ƙugi kamar an taɓa gidan zuma. In ya murɗa maɓallin murya sai a ji kamar ana kankare tukunya. In ya kai makunnin zaɓe tsakanin wuri biyu, muryar sai ta ƙanƙance kamar mai magana ta hanci. In kuwa ya kai shi ƙarshe, sai ta yi tsini har ta soki kunne. Ya riga ya kai ta wata kasuwar kayan lantarki, wani ɗan kasuwa ya ce masa abin da ke ɗaukar sautin ne ya mutu, duk ukun, sai an cire an sa manya masu tagwayen naɗi. Kuɗin da aka yanka masa ya kusa albashinsa na wata uku, ya kuwa tara fiye da rabi. Abin da ya ke so kurum shi ne dattijon ya ɗaura masa su in ya sayo.

Dattijo ya ce, "Ɗana, wanda ya ce sun mutu, ya auna su?" Saurayi ya ce, "A'a, Baba, ko buɗe ta bai yi ba." Dattijo ya ce, "To, cinikin biri a sama ke nan. Bar min ita zuwa jibi, kuɗinka kuma ka riƙe abinka."

Ya kamata mai karatu ya san abin da a ke gardama a kansa. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar akwai waɗansu abubuwa uku masu tsawon yatsa, Turawa na ce musu pikof, dattijon kuwa kunnuwa ya ke kiransu. Kowane kunne ba kome ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai siririn gashi, naɗi wajen 8,000. Sa'ad da tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a bisa maganaɗisun, sai a sami ɗan lantarki kaɗan cikin naɗin, yana kai da kawowa daidai da girgizar. Shi ne na'urar ƙara sauti ke karɓa ta kumbura shi, lasifika ta furta. Ba batir a ciki, ba kuma wani abu mai motsi. Saboda haka kunne ba ya saurin mutuwa. In ya mutu kuwa, galibi siririyar wayar nan ce ta tsinke, mita kuma ba za ta ɓoye ba.

Kafin ya taɓa kome, dattijo ya ɗauki takarda ya zana yadda kowace waya ta tashi da inda ta sauka, da launinta. Ya kan ce wanda ya kwance abu bai zana ba, ya shiga daji bai ajiye alama ba. Sa'an nan ya narke dalma ya saki ƙafafun kunnuwan, ya ɗora musu mita ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya nuna om wajen 6,000, watau abin da lafiyayyen kunne mai naɗi guda na irin wannan jita ya kan nuna. Ya ƙwanƙwasa kowanne da bakin sukundireba, allurar mita ta motsa. Kunnuwa uku, lafiyarsu lau.

A nan ne shaiɗan ya kan sami ƙofa. Da dattijon ya so, da ya yi shiru, yaro ya sayo sababbi, ya ɗaura masa, ya karɓi ladan aiki mai kauri, tsofaffin kuma su zauna a aljihun teburinsa har wani mai nema ya zo. Ba mai sani, ga shi kuwa kuɗin haya na bisa kansa. Amma ya daɗe da sanin cewa mai gyara ba shi da wani jari da ya wuce amana, domin shi kaɗai ne ke ganin abin da mai kaya ba ya gani. Ya ci gaba da bincike.

Cutar ta bayyana a 'yan ƙananan abubuwa da ba wanda ke kula da su. Wani ya taɓa shiga cikin jitar nan da ƙaramin sani, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Na farko, wayar ƙasa da ya kamata ta haɗa tsirkiyoyi da sauran ƙarafan jitar ta balle daga inda aka liƙa ta. Na biyu, an juya ƙafafun kunnen tsakiya, an sa ta hagu a dama. In kunnuwa biyu suna aiki tare alhali ɗaya a juye ya ke, sai ɗaya ya tura ɗaya ya ja, kaurin muryar ya soke kansa, abin da ya rage sai siririn sauti na hanci. Na uku, mamurɗin murya, watau ɗan tukunyar da ke ƙarƙashin maɓalli, ya cika da ƙurar hunturun Agadas da tsatsar damshin Ikko, ga shi kuma tun asali ba irinsa ya dace da wurin ba. An rubuta B500K a bayansa.

Harafin nan da lambar nan su ne rabin ilmin zaɓen kayan. Lambar tana faɗin yawan tirjiyar da mamurɗin ke yi wa lantarki. Mai 500,000 ya kan bar tsinin sauti ya wuce da yawa, mai 250,000 kuwa ya kan ɗan sassauta shi. Kunne mai naɗi guda dama muryarsa da tsini ta ke, shi ya sa aka saba haɗa shi da mai 250,000. Kunne mai tagwayen naɗi muryarsa da kauri ta ke, shi a kan ba mai 500,000 don kada ya dushe. Harafin kuma yana faɗin yadda tirjiyar ke ƙaruwa in ana murɗawa. A yawancin kayan da a ke samu a kasuwa yau, B yana nufin ƙaruwa daidai wa daida, A kuwa ƙaruwa da aka tsara bisa yadda kunnen ɗan Adam ke jin ƙarfin sauti. In aka sa mai B a wurin murya, mutum zai yi ta ragewa bai ji wani bambanci sosai ba, sai dab da ƙarshe ta faɗi gaba ɗaya. Abin da jitar ke bukata shi ne A250K, guda uku: ɗaya na ƙarfin murya, biyu na launinta.

Da saurayi ya dawo aka gaya masa, maimakon murna sai fuskarsa ta canja. Ya riga ya ɗora ransa a kan manyan kunnuwan nan masu walƙiya, yana gani kamar abin da ya fi tsada shi zai fi fid da shi kunya ran biki. Ya ce, "Baba, ai an ce masu tagwayen naɗi ba su ƙugi ko kaɗan."

Dattijo bai musa ba, domin gaskiya ce. Kunne mai naɗi guda kamar eriya ya ke, yana kwasar ƙugin wutar lantarki da ke kewaye da shi, wutar da a Nijeriya da Nijar ke juyawa sau 50 cikin daƙiƙa guda, a Amurka kuma sau 60. Don maganin wannan ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro kunne mai naɗi biyu, waɗanda aka haɗa a juye da juna, maganaɗisunsu ma yana fuskantar juna a juye. Ƙugin da ɗaya ya kwaso ɗayan ya soke shi, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙaru. An nemi rajistarsa cikin 1955, ya fara fitowa a jitocin kamfanin cikin 1957. Akwai ma waɗanda suka yi abin da saurayin ke so suka kuma ci nasara. Eddie Van Halen, makaɗin Amurka da ya yi tashe tun daga 1978, da kurfi ya fafe jikin jita irin wannan, ya cusa kunnen Gibson guda, ya bar maɓalli ɗaya tak na ƙarfin murya.

Amma shi wannan ya san muryar da ya ke nema, mai kauri da ruri, ya kuma yarda ya sadaukar da waccan don ya sami wannan. Dattijo ya tambayi saurayin, "Muryar wa ka ke so ta fito ran bikin?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ta yayana." Dattijo ya ce, "To, tana cikin kunnuwan nan uku da ka ke shirin zubarwa. Kiɗanku na yatsu ne masu sauri, kowane bugu yana so a ji shi shi kaɗai, garau. In ka sa masu kauri, ƙugi zai tafi, amma zai tafi da abin da ka zo nema. Ga shi kuma sai an yanka farantin, wataƙila har a fafe katako, abin da aka fafe kuwa ba ya komowa."

Suka tafi sayen kaya tare, da mita a aljihu da tsohon mamurɗi da maɓallinsa. Dalili kuwa shi ne, lambar da aka rubuta a bayan mamurɗi ba rantsuwa ba ce: a kan yarda masa ya kauce da kashi 20 cikin 100, har wanda aka rubuta wa 250 ya iya nuna 200 ko 300. Dattijo ya auna da dama kafin ya ware uku da suka yi kusa. Ya kuma tsai da kowanne a tsakiya ya sake aunawa, domin mai B a nan zai nuna rabi cif, mai A kuwa zai nuna ɗan kaɗan a gefe guda, da yawa a ɗayan. Sa'an nan ya gwada maɓallin a kan sandar kowanne. Kayan ƙirar Amurka da inci a ke auna su, na Asiya da milimita. Wuyan na Amurka ya fi kauri, haƙoran sandarsa 24 ne, na Asiya 18. Wanda ya sayi mai tsada bai duba wannan ba, sai ya isa gida ya tarar bai shiga ramin faranti ba, in kuwa ya danna maɓalli da ƙarfi ya tsaga shi.

Saura kafasita, ɗan abu kamar ƙwayar wake da ke manne da mamurɗin launi. Aikinta ta kwashe tsinin sauti ta zubar da shi ƙasa gwargwadon yadda aka murɗa. Mafi girma ta fi kwashewa. Biyu aka fi amfani da su, mai lamba 473 da mai lamba 223, ta farkon ta ninka ta biyun da 'yan kai. A kan sayar da waɗansu da tsada ƙwarai ana cewa tsohon yayi ne, amma a wurin dattijon girmanta shi ne magana, ba sunanta ba. Ya sayi biyun duka da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Da suka koma shago bai liƙa ko ɗaya ba, sai ya maƙala su da 'yan maƙalai bi da bi, ya ce wa saurayin ya juya baya ya kaɗa. Ya gwada wannan, ya gwada waccan, har sau uku, kowane karo kuwa 223 ya ke zaɓa, ya ce ɗayar tana sa jitar ta yi kamar an rufa mata bargo. Dattijo a ransa 473 ya fi so, gama ita aka fi sabawa da ita a irin wannan jita, amma ya liƙa abin da mai kaya ya zaɓa. Mita ita ke faɗin abin da ya lalace. Abin da ya yi daɗi kuwa sai kunnen mai kiɗa.

Makunnin zaɓe bai bukaci canji ba, wankewa kurum aka yi masa. Shi ma yana da tarihinsa: na farko wuri uku gare shi, kunne ɗaya a kowane wuri, sai makaɗa suka gano daɗin muryar kunnuwa biyu tare, suka riƙa tsai da shi a tsakani da dabara, har cikin 1977 kamfanin Fender ya mai da shi mai wuri biyar. Dattijo ya kara fuskar kunnen tsakiya da ta ɗan'uwansa, suka ja juna, ya gane maganaɗisunsa a juye aka yi shi da gangan, yadda in ya haɗu da na kusa da shi za su soke ƙugi kamar tagwayen naɗi. Watau abin da saurayin ya so ya saya da albashin wata uku, rabinsa yana cikin jitarsa tun tuni, juya waya biyu ne ya hana shi aiki. Game da kunnen ƙarshe mai sukar kunne kuwa, a tsarin asali ba shi da mamurɗin launi ko kaɗan. Guntuwar waya da ba ta kai gaɓar yatsa ba aka ƙara a makunnin, ya sami rabonsa. Ya shimfiɗe cikin ramin katakon da siririn fallen jan ƙarfe, ya haɗa shi da ƙasa don ya tare ƙugin waje. Wajen liƙi kuwa bai bar ƙarfen dalma ya daɗe a bayan mamurɗi ba, domin zafi in ya yi yawa ya kan ƙone cikinsa tun ba a fara amfani da shi ba.

Da ya zo kan wayar ƙasa ta tsirkiyoyi, sai ya ajiye ƙarfen, ya ce ba zai liƙa ta ba sai an kawo masa na'urar ƙara sautin da za a yi bikin da ita. Saurayi ya ga kamar tsufa ne ke damun Baba, amma ya je ya ɗauko. Wayar nan ita ke sa ƙugi ya ragu in makaɗi ya taɓa tsirkiya, domin tana haɗa jikinsa da ƙasar na'urar. Amfaninta ke nan, haɗarinta ma ke nan. In na'urar tana da lahani, ko makirufo yana ɗauke da wuta, jikin makaɗin ne zai zama hanya. Cikin 1972 wani makaɗin jita mai suna Les Harvey ya mutu a kan dandali a garin Swansea na Birtaniya, gaban jama'a, sa'ad da ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba. Da aka duba filogin na'urar saurayin, sai ga shi an karye ƙafarsa ta uku don ya shiga soket mai rami biyu, abin da a ke yi kullum a wuraren biki inda a ke jan wuta daga janareta. Dattijo ya canja filogin, ya auna ya tabbata ƙafar ta haɗu da jikin na'urar, ya kuma gargaɗe shi: kada ya yi kiɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kada ya kama makirufo da hannu ɗaya alhali ɗayan na kan tsirkiya, sai an gwada an tabbata. Sa'an nan ya liƙa wayar.

Da aka jona, ƙugin bai tafi duka ba, dattijon kuma bai yi alkawarin zai tafi ba. A wurare uku na makunnin yana nan kaɗan, kamar numfashin mai barci. A wurare biyun tsakani kuwa tsit. Saurayin ya daɗe yana kaɗawa kansa a sunkuye, masu wucewa suka fara tsayawa a bakin shago. Duk abin da ya kashe, har da ladan aiki, bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yanka masa a kasuwa ba. Dattijo ya zuba tsofaffin kayan da ya cire cikin gwangwanin madara, ya haɗa da takardu biyu, zanen yadda ya tarar da ita da zanen yadda ya bar ta, ya miƙa masa. Ya ce kayan mutum nasa ne ko sun mutu, zanen kuma don wanda zai buɗe ta nan gaba, ko a Ikko ko a Agadas, kada ya yi lalube.

An yi biki, an watse lafiya. Bayan kwana kaɗan sai ga saurayin da wata jita ta abokinsa, wadda soket ɗinta ke yankewa. Wannan karon bai ce a gyara masa ba, cewa ya yi a nuna masa yadda a ke riƙe mita. Yanzu duk ranar hutunsa yana shagon, yana koyon karanta lambobi da narka dalma, dattijon kuwa, wanda ya yi shekaru ba wanda ya nemi ya koyi kome a wurinsa, ya sake kakkaɓe kujerar almajiri. Allah Ya yi wa sana'a albarka, Ya kuma ƙara mana masu riƙon amana a cikinta, amin.